Ƙashi Ba Ya Ƙarya

'Yan'uwana mata, yau tarihin wasu uwaye zan ba ku. A ƙasar Ajantina, daga 1976 zuwa 1983, gwamnatin soja ta yi ta sace matasa tana kashewa, tana binnewa a kaburbura marasa suna. Tun 1977 uwayensu suka fara zagaya dandalin gaban fadar shugaban ƙasa duk ranar Alhamis, da farin kallabi a ka. Tambayarsu ɗaya ce: ina 'ya'yanmu?

Bayan soja sun sauka, a 1984 wani Ba'amurke masanin ƙashi, Clyde Snow, ya tara ɗalibai suka shiga tonon kaburburan. To, ƙashi ne zalla, yaya za a gane mai shi? Matakin farko a san mace ce ko namiji. Ƙashin ƙugu ake fara dubawa, don na mace ya fi faɗi saboda haihuwa, sannan ƙoƙon kai. In waɗannan sun farfashe, masana kan koma ga ƙananan ƙasusuwa, har ɗan ƙoƙon gwiwar nan. A auna tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, galibi na namiji ya fi girma. Sai dai da ma'aunin mutanen yankin ake gwadawa, don jiki ya bambanta.

A 1985 Snow ya ba da shaida a kotu da hotunan ƙasusuwan, kuma a shari'ar aka ɗaure biyar daga manyan sojan. Ni kam abin da ya fi taɓa ni, wasu uwayen sun samu sun binne 'ya'yansu, sun san inda suke kwance. Allah Ya raba mu da ɓatan ɗa, amin.