Ƙuri'ar Arewacin Zazzau

Mutumin Gyallesu da manomin Soba sanata guda suke zaɓe, domin mazaɓarsu ɗaya ce, watau Kaduna ta Arewa. Ƙananan hukumomi takwas ne cikinta, shida na karkara, sai Zariya da Sabon Gari.

Tun daga 1999 jam'iyyar PDP ke riƙe da kujerar nan, Dalhatu Tafida sau biyu, Ahmed Maƙarfi sau biyu. To, a 2015 guguwar Buhari ta taso, talakawa suka juya baya. Maƙarfi, duk da ya yi Gwamna shekara takwas, ya sha kaye hannun Suleiman Hunƙuyi na APC. A 2019 APC ta sake ci. A 2023 kuwa suka mayar wa PDP kayanta.