Gidan Monte-Cristo: Fasalin Gininsa da Darajarsa ta Tarihi

A ƙarni na 19 masu hali na birnin Faris sun saba gina gidan hutu a karkara, nesa da hayaniya. Irin wannan gida ne marubuci Alexandre Dumas ya sa aka gina masa a Port-Marly, bisa tudu daura da kogin Sen, daga 1844 zuwa 1847. Hippolyte Durand ne ya tsara shi, aka kuwa raɗa masa sunan littafin da ya arzuta maigidan.

Ginin na dutse ne, kuma kowane sashe nasa yana nuna sana'ar mai shi. Bisa tagogi an sassaƙa fuskokin mashahuran marubuta, irin su Homer da Shakespeare. Can gefe akwai wani ɗan soro kewaye da ruwa, inda Dumas ke keɓewa ya yi rubutu. A jikin duwatsunsa an zana sunayen littattafansa. Ɗaki guda kuwa gwanayen da ya zo da su daga Tunis ne suka ƙawata shi da adon bango irin na Magrib.

Bashi ya tilasta masa sayar da gidan a 1849. A 1969 aka yi niyyar rushe shi don a gina gidajen kwana a filin. Garuruwa uku, wato Port-Marly da Marly-le-Roi da Le Pecq, suka haɗa kai suka saye shi. Sarki Hasan na Biyu na Maroko ya ɗauki nauyin gyaran ɗakin Magrib a 1985. Da an rushe gidan, da shaidar aikin marubucin da ta magina ƴan Afirka sun salwanta tare.