Maƙwabtanmu na Idi-Oro: shekara 60 na ƙungiyar kiɗan Fela

Duk wanda ya tashi a Idi-Araba ya san tsakaninmu da Idi-Oro tafiyar ƙafa ce. A can, gida mai lamba 14 a kan titin Agege Motor Road, Fela Anikulapo Kuti ya zauna da jama'arsa, gidan da ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta. Shi ya sa in Oktoba ta kama aka fara bikin Felabration, mu Hausawan Mushin maƙwabci muke tunawa, kuma maƙwabci yana da haƙƙi. Abin da ke damuna ɗaya ne: kullum sunan maigidan ake ambato, a bar ƙungiyar da ta ɗauki kiɗan a ka, alhali a 2025 ta cika shekara 60 ba ta ajiye kayan aiki ba.

An haifi Fela a Abeokuta a 1938, ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa a kwalejin Trinity, ya dawo gida a 1963. A 1965 ya sake haɗa ƙungiyarsa ta Koola Lobitos a Legas, kuma a cikinta akwai mutum biyu da suka zama ginshiƙai. Na farko Tony Allen, makaɗin ganguna wanda hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne kiɗansa daban yake yi, amma su haɗu wuri guda kamar zaren saƙa. Na biyu Lekan Animashaun, wanda kowa ya fi sani da Baba Ani, mai busa babban saksafon mai kaurin murya. Da farko hailaif suke yi gauraye da jaz, kasuwa kuma ba ta buɗe sosai ba. Tafiyar Amurka ta 1969 ce ta sauya komai. A Los Angeles wata baƙar fata, Sandra Smith, ta buɗe wa Fela ido kan gwagwarmayar baƙaƙe, suka dawo da sabon kiɗa mai suna Afrobeat, ƙungiyar ta koma Nigeria 70, daga baya Africa 70.

Wanda yake son ya ji ƙungiyar nan a ganiyarta, ya nemi faifan da ake kira Live!, na 1971. A Landan aka ɗauke shi, a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, gaban 'yan kallon da aka gayyata. Baƙon da ya zauna tare da su shi ne Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka share wa kiɗan rok mai nauyi hanya. Baker ya ƙwallafa rai a kan kiɗan Afirka har ya keto Sahara a mota ya zo Legas, daga baya ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja.

A shagon ɗinkin kawuna na fara jin faifan. Yana da tsohon garmaho a ƙarƙashin teburin yanka, in dare ya yi ya rufe ƙofa rabi, ya goge faifan da ƙyallen shadda, ya ɗora allura a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Waƙa huɗu ce kacal a ciki, kowacce doguwa. Kawu ba ya jin Yarbancin waƙa sosai, amma idan aka zo "Egbe Mi O" sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ɗana, saurari 'yan amshi." Gaskiyarsa. Tsarin da muka sani ne wurin Shata da Narambaɗa: maigida ya jefa, 'yan amshi su cafe, kiɗa kuma yana tafe ba gaggawa. Baker yana dukan fata kamar saukar aradu, Allen yana ratsa tsakani da sauƙin hannu, masu busa su shigo tare kamar ƙofa ɗaya aka buɗe musu. Babu na'urar da ta gyara wa kowa kuskure. Abin da hannu ya yi a daren shi ne abin da kunne yake ji har yau.

Shekarun da suka biyo baya su ne na alfahari. Gidan rawarsu, Afrika Shrine, yana otal ɗin Empire a nan Idi-Oro, faifai kuma suna fita ɗaya bayan ɗaya. Sai faifan Zombie ya fito, ya taɓa sojoji inda yake musu ciwo. Ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwana kaɗan da rufe bikin al'adu na FESTAC, sojoji kusan 1,000 suka afka wa Kalakuta suka ƙone ta, aka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo, ta taga, ta rasu a Afrilun 1978. Dattawan unguwarmu har yanzu suna ba da labarin hayaƙin ranar. Kayan kiɗa sun ƙone, makaɗan kuwa suka sake haɗuwa.

An samu saɓani bayan wasan da suka yi a Berlin a 1978, Tony Allen da wasu suka kama gabansu. Mutanen da aka ƙone wa gida aka bar su da aljihu wayam, ba abin mamaki ba ne maganar kuɗi ta shiga tsakaninsu. Baba Ani ya tsaya, ƙungiyar ta koma Egypt 80, ta jure ɗaurin da aka yi wa Fela daga 1984 zuwa 1986.

Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997. Yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya daɗe yana aiki a asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi-Araba, shi ya fito ya faɗa wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce sanadi, a lokacin da mutane ke ɓoye sunanta. A ƙasar Hausa mun saba idan babban makaɗi ya kwanta dama, sai 'yan amshi su watse, kalangai su bushe a rataye. Egypt 80 ba ta watse ba. Ɗan Fela, Seun, yaro ɗan shekara 14, ya karɓi gaba, dattawan da suka yi wa ubansa kiɗa suka tsaya a bayansa, Baba Ani ya yi wa ƙungiyar hidima fiye da shekara 50. Faifansu Black Times na 2018 ya shiga takarar Grammy.

Yau yaranmu masu waƙa, daga Agege har Kano, kwamfuta ce ke yi musu kiɗa, mutum ɗaya a ɗaki ya haɗa komai. Ina roƙon shugabannin matasan Idi-Araba su ɗebi masu sha'awar waƙa su kai su gidan tarihin Kalakuta a titin Gbemisola, Ikeja, sannan su sama musu damar ganin Egypt 80 a kan dandali, mutum goma sha wani abu suna numfashi tare. Kuɗin mota daga Mushin zuwa Ikeja bai fi ƙarfin kowace ƙungiyar unguwa ba.