Faifan Bidiyo da Iyakokinsa: Daga Kano Zuwa Sokode da Dapaong

Gabatarwa

Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayarin Hausawa ke ratsa ƙasar da ake kira Togo a yau, har suka kafa zanguna a garuruwa irin su Sokode da Dapaong. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa sun bi sawun waɗannan fatake. Sai dai wani lokaci fim ya kan isa gari lafiya, na'urar gida kuma ta ƙi karɓarsa.

Zamanin Kaset

Nijeriya ta ɗauki tsarin talabijin na PAL, Togo kuwa ta bi Faransa a kan SECAM. Kaset ɗin da aka naɗa a tsari ɗaya kan fito ba launi a akwatin da ke kan ɗayan, sai in akwatin na karɓar duka biyun. Faifai ne ya kau da wannan shinge, domin ba a naɗa shi da SECAM.

Ire-iren Faifai

Philips da Sony sun fito da CD a 1982. A 1993 aka samar da VCD, wanda ke ɗaukar minti 74 zuwa 80, shi ya sa ake raba dogon fim gida biyu. CD-R sau ɗaya ake naɗa shi, hasken leza na ƙona wani rini da ke cikinsa. CD-RW ana iya gogewa a sake naɗi, amma hasken da yake mayarwa kaɗan ne, don haka tsofaffin na'urori ke kasa karanta shi. Kamfanin Pioneer ya kawo DVD-R a 1997, wasu kamfanoni kuma suka kawo kishiyarsa DVD+R a 2002. Kowannensu na ɗaukar gigabait 4.7, amma wasu na'urorin farko ɗaya kawai suka sani.

Saurin Naɗi

Saurin 1x a CD shi ne kilobait 150 a daƙiƙa, na DVD kuwa ya ninka haka kusan sau tara. Mai kwafar faifai don sayarwa yana son 48x ko 52x. To, gaggawa aikin shaiɗan: naɗi da sauri a kan faifai mai araha kan bar tabo marasa kaifi, sai hoto ya riƙa maƙalewa. Haka kuma faifan da ba a rufe naɗinsa ba kan yi aiki a kwamfuta, ya ƙi yi a na'urar falo.

Kammalawa

Katin waya da YouTube sun ture faifai gefe, amma waƙoƙi da wa'azozi da finafinai da dama na nan a kansa kaɗai. Rinin CD-R kuwa ba ya jure zafi da hasken rana. Duk mai irin wannan ajiya a Sokode ko Dapaong, gara ya kwafe ta zuwa wani ma'adani tun akwai na'urar da za ta karanta ta.