Sarkin Yaƙi a Cikin 'Ya'yan Bawo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin yadda aka raba wa jikokin Bayajidda aiki bayan sun watsu daga Daura. Kano da Rano aka ba su sarautar baba, wato rini da tufafi. Katsina da Daura suka zama sarakunan kasuwa. Zazzau, da take kudu, aka kira ta sarkin bayi. Gobir kuwa, da take bakin iyakar Azbin, aka naɗa ta sarkin yaƙi domin ta tsare 'yan'uwanta daga maharan arewa. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina da Kano a 1851, ya ji wannan rabo a bakin mutane ya rubuta shi. Tsari ne mai daɗin ji da sauƙin riƙewa, kowace ƙasa da halinta guda ɗaya tak. Haka masu ƙirƙirar duniyoyin almara suke yi a zamaninmu: Tolkien ya ware Rohan ya ce ƙasar mahaya dawaki ce, masu wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, su ma sukan zana taswira su ce nan ƙasar mayaƙa, can ta fatake. A ganina ƙasar mayaƙa ta labarin Daura daga irin wannan aiki ta fito. Masu hikima ne suka tsara ta a fada, kuma abin da take koya mana game da masu ba da labarin ya fi abin da take koya mana game da Gobir.

A fara da labarin kansa. Baƙo, wato Bayajidda, ya fito daga Bagadaza, ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, aka raba shi da rundunarsa, ya gudu. Ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare. Ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya zura, macijin ya riƙe, ya jawo shi sama ya sare kansa, ya sa kan a jaka ya koma ya kwanta. Da gari ya waye aka nemi wanda ya yi wannan aiki, ya fito da kan, ya auri sarauniya Daurama. Abin lura shi ne jarumin nan bai ci Daura da yaƙi ba. Shi kaɗai ya zo, ba dakaru ba 'yan baka, ya tarar da gari da mulkinsa, da jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru a Tsohon Birni. Ta hanyar aure ya shiga gidan sarauta, ɗansa Bawo kuma ta wajen uwa ya sami gari. Labarin da aka gina haka manufarsa ita ce ya mai da Daura uwa, sauran birane kuma 'ya'ya, kowa da aikin da aka ɗora masa a gida.

Idan aka auna rabon aikin da tarihin da muke da tabbacinsa, ba ya tsayuwa. Kano da Katsina, waɗanda aka ce na rini da kasuwa ne, sun shafe ƙarnuka suna gwabza yaƙi a tsakaninsu, ganuwar Kano kuma ba don tsare karofi kaɗai aka gina ta ba. Zazzau ce ta fitar da Amina, wadda ake danganta mata yaƙe-yaƙe da ganuwoyi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙasashen da suka fi kowa girgiza yankin da makami ba sa ma cikin Hausa Bakwai. Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ya kafa daula mai hedikwata a Surame, wadda kufanta yake nan har yau. Kwararrafa ta kai wa Kano hari a ƙarni na 17 har ta shiga cikin birni, kamar yadda Tarihin Kano ya nuna. Duk da haka Kabi da Kwararrafa, tare da Zamfara da mutanenta ke magana da Hausa tsantsa, an jefa su cikin Banza Bakwai, zuriyar Karɓagari, ɗan da kuyanga ta haifa wa Bayajidda. Biram da Rano kuwa, waɗanda ba su taɓa zama manyan dauloli ba, suna cikin 'ya'yan halal. Wanda ya tsara jerin ba ƙarfin soja yake aunawa ba. Yana faɗin wa ke namu ne da wa ke waje, daga inda yake zaune.

Za a ce ai Gobirawa mayaƙa ne na gaske, kuma haka ne. Babari ya ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alƙalawa, Bawa Jan Gwarzo ya sa sunan Gobir ya zama abin tsoro, kuma ko bayan Tabkin Kwatto a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa ba su ajiye makami ba, sun ci gaba da faɗa da Sakkwato daga Tsibiri kusa da Maraɗi. Amma wannan duk tarihin ƙarni na 18 da na 19 ne, dab da lokacin da Barth ya ji labarin. Ya fi kusa da hankali a ce shaharar Gobir a fagen fama ce ta shiga cikin labarin, da a ce wani kaka ya yanke mata wannan aiki shekaru ɗari takwas kafin nan. Akwai kuma shaidar da ta fi wannan ƙarfi. Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata ruwaya dabam: Bawo bawan Sarkin Borno ne, Gobirawa kuma ba sa cikin zuriyarsa, 'ya'ya ne da asalinsu ya koma ga Kibɗawan Masar. Ga Bawo guda, a Daura ɗan sarauniya, a wata ruwayar bawan Borno. Ga Gobir guda, nan jikar Bayajidda, can baƙuwa daga gabas. Kowace fada tana juya labarin yadda zai zaunar da ita a inda take so.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce rijiyar tana nan, ana zuwa a ɗebi ruwanta a sha, fadar Daura kuma tana ajiye da takobin da ake cewa da shi aka kashe macijin. Wasu masana ma, tun daga H. R. Palmer, sun nemi su haɗa Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a 947. Rijiya tana tabbatar da cewa wurin tsoho ne kuma mai alfarma, amma ba ta faɗin wanda ya zo bakinta. Abu Yazid kuwa ɗan ƙabilar Berber ne na arewacin Sahara, ba ɗan sarkin Bagadaza ba, can kuma ya mutu. Abdullahi Smith ya yi bayani tun 1970 cewa biranen Hausa daga cikin gida suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a wuraren da ke da ƙasar noma, da tama, da duwatsun da ake girmamawa. An sami alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma Tarihin Kano da kansa ya fara ne da Barbushe da mutanensa kafin zuwan Bagauda, wanda Palmer ya sa farkon mulkinsa a 999.

Amfanin labarin ga Daura ya fito fili a lokacin da takobi ya gaza. A 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu, ya karɓi garin, sarkin garin na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa ta rarrabu a Zango da Ɓaure a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Shekara ɗari suna wajen birninsu. A 1906 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ba shi sarautar Daura, abin da ba su yi wa tsofaffin gidajen Kano, Katsina ko Zazzau ba. Turawa suna da nasu lissafin na iyaka da Faransa, ba don Bayajidda suka yi ba. Amma gidan da ya riƙe mutanensa tsawon wannan gudun hijira, ya dawo jama'a suka karɓe shi, da asali ya riƙe su, kuma wannan gidan ne ke mulki har yau, daga Abdurrahman zuwa Muhammadu Bashar zuwa Umar Faruk Umar da ya hau a 2007.

Masu jin cewa irin wannan bincike raini ne ga magabata su sake dubawa. Mutanen da suka ɗauki birane masu gaba da juna suka mai da su gida ɗaya, da uwa ɗaya, da aikin kowa, sun yi aikin siyasa mai zurfi, kuma wanda ya karanta shi kamar rajistar haihuwa shi ne ya rage masa daraja. Ya kamata malaman tarihi a makarantunmu su koyar da labarin Kusugu yadda Daurawa suke ba da shi, sannan su ajiye ruwayar Bello da tarihin Kanta a gefensa, ɗalibai su gwada su da kansu.