Kowa Ya San Inda Ka Tsaya

A Tsiga, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, karatun manya bayan gona yake bi. Da damina sai ɗan abin da aka samu da asuba ko bayan magariba. In masara ta shiga rumbu, an tsince auduga, sai zauren malam ya cika, kowa da littafinsa a hammata.

Littattafan kuwa ba na wasa ba ne. Ana farawa da Ahalari, a wuce Ishmawi da Iziyya, a kai Risala, wadda Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta kafin rasuwarsa a 996. Mai naci ya ci gaba zuwa Askari da Muhtasar. Mai son zaƙin harshe ya ɗauki Ishriniya ta Alfazazi, ko Maƙamatul Hariri mai maƙama 50, wadda kan sa malami da kansa ya gyara zama. Abin tambaya shi ne, me ke riƙe magidanci mai iyali da gona a kan littafi ɗaya shekara da shekaru, alhali ba rajista, ba jarrabawa, ba kuɗin makaranta da zai ji ciwon asararsa?

Ni dai abin da na gani a wajen kawuna, idon jama'a ne. A zaure layi ake bi, wanda ya riga zuwa shi ke fara biyawa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, ɗalibi yana "na'am, Allah gafarta malam", sauran kuma suna saurare. Saboda haka kowa ya san babin da kake. In ka zo ba ka yi bita ba, tuntuɓen da za ka yi a gaban sa'o'inka ne, kuma malam ba ya ƙari a kan karatun da bai zauna ba. In ka yi fashi, ba wanda zai yi maka faɗa. Sai dai a kasuwa wani ya ce, "Malam yana cigiyarka, ko lafiya?" Kawu ya sha cewa ya gwammace ya kwana yana gardama da dillalin auduga da ya ji wannan tambaya. Har mu yara mun san ya daɗe a babin gado, don abokansa da shi suke tsokanarsa.

Al'adar ta tsufa. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishriniya da Ishmawi sharhi, kun ga ke nan littattafan da ake biyawa a zaurukanmu sun fi shekara 300 a hannun mutanen ƙasar nan. 'Yandoto, wadda yanzu take cikin Zamfara, ta yi suna da malamai kafin jihadi, Zariya kuma can masu neman nahawu suke dosa. Amma wanda ya fi burge ni Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusuhi, ya jera malamansa da abin da ya karanta a wajen kowanne, har da Ishriniya da Ahalari da Risala da ya ɗauka a wajen yayansa Shehu Usmanu. Ya bar lissafin karatunsa a fili yadda duk mai shakka zai iya bin sawu. Ijaza ma aikinta ke nan: wane ya karanta kaza a gaban wane.

Da bugun littafi ya yi araha, mutane suka huta da kwafa da hannu, zauren bai girgiza ba. Islamiyya ta zo da aji da allon bango, ta ja yara, manya suka zauna inda suke. Kaset da waya su ne suka taɓa zauren. Yau saurayi yana da karatun Risala daga farko har ƙarshe a aljihu, daga bakin manyan malamai, kuma alheri ne, ban musa ba. Sai dai na tambayi da yawa daga cikin irin waɗannan samari inda suka tsaya, amsar ba ta wuce babin tsarki da salla. Walimar saukar littafi da nake zuwa har yanzu ta 'yan zaure ce, kuma a wajen walimar ake tambayar mutum littafin da zai ɗauka na gaba.