Bidiyon Shata da Ɗanƙwairo: abin da ya sa hoton ya dushe, da inda na asali yake

Akasarin bidiyon manyan makaɗan Hausa da ake kallo yau a garuruwa irin su Shinaka, Goronyo, Wurno da Raba, daga rumfar mai cajin waya yake fitowa. Mutum ya miƙa memori, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, a tura masa Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo. Hoton dishi-dishi, fuskar makaɗi ta narke cikin rawaninsa, baki na motsi dabam, murya na zuwa dabam. Masu kallo sun saba ɗora laifin a kan tsufa, su ce ai abin na da ne. Tsufa yana da nasa kason, amma ba shi ne babban dalili ba. Abin da ke cikin wayar kwafi ne na kwafin wani kwafi, kuma a kowane hawa an zubar da wani abu.

Wa aka ɗauka, wa aka rasa

Talabijin ya iso Arewa a 1962, lokacin da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Hukumar NTA ta kafu a 1977, ta haɗe tashoshin da ke akwai, har da ta Sakkwato, daga baya jihohi suka buɗe nasu, kamar CTV a Kano da Rima a Sakkwato. Waɗannan gidaje su ne suka ɗauki mafi yawan wasannin da ake kira na tarihi a yau, a ɗakin shirye-shirye, ko a fada, ko a filin biki.

Don haka rabon kowane makaɗi ya danganta da lokacin da ya rayu da kuma kusancinsa da birni. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya bar duniya tun talabijin bai kankama ba, muryarsa ce ta rage. Ɗanƙwairo ya kai 1991, Shata ya kai 1999, shi ya sa hotunansu masu motsi suke da ɗan yawa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace na Gandi, a ƙasar Raba, wanda ya sa sunan ɗan dambe Shago ya game ƙasar Hausa, galibi ana samunsa ne a intanet da murya kawai, an manna hoto guda a kai tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Makaɗan fada sun fi na dambe da na noma sa'ar kyamara, domin inda sarki da gwamna suke, nan ma'aikatan talabijin suke zuwa.

Hawa huɗu na lalacewa

Gidajen talabijin sun yi aiki da kaset na ƙwararru, irin su U-matic da Betacam na kamfanin Sony. Wannan shi ne uwar kaset, kuma hotonsa, idan bai lalace ba, garau yake daidai da abin da masu kallo suka gani ranar da aka fara nuna shi.

Hawa na farko shi ne VHS, kaset ɗin gida wanda kamfanin JVC ya fitar a 1976. Shi tun asali bai iya riƙe duk kaifin hoton talabijin, launukansa kan zarce iyakarsu, sautinsa na yau da kullum kuma siriri ne mai shuu. Babbar matsalar ita ce yadda ake yawaita shi. Kaset na maganaɗisu ba ya kwafuwa daidai wa daida: in aka juya daga wani zuwa wani, na biyun ya fi na farkon rauni, na ukun ya fi na biyun. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano, waɗanda harkarsu ta bunƙasa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, su ne suka kai waɗannan wasanni ko'ina, kuma kafin kaset ya isa kasuwar ƙauye a gabashin Sakkwato, mai yiwuwa ya zama jika ko tattaɓa-kunnen na asali.

Hawa na biyu faifan VCD ne. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, alhali hoton talabijin da aka juya zuwa kwamfuta yadda ya kamata 720 ne da 576. Faifan kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, saboda haka dogon wasa sai a datse shi. Abin da aka fi yankewa shi ne gabatarwa, da kirarin sanƙira, da hirar da ke tsakanin waƙa da waƙa, wato daidai wuraren da ake faɗar inda aka yi wasan da wanda aka yi wa.

Hawa na uku wayar hannu. Don bidiyo ya shiga ƙaramin memori, an matse shi zuwa tsarin 3GP, wanda sau da yawa ɗigo 176 ne da 144, kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida na cikakken hoton. Na huɗu kuwa WhatsApp da Facebook da TikTok, waɗanda ke sake matse abin da aka ɗora musu, bayan mai ɗorawa ya buga sunansa da lambar wayarsa a kan ƙirjin makaɗi.

Memori dai ba abin rainawa ba ne a wannan yanki. A 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Raba da Goronyo, abin da ke cikin wayar mutum shi ne kaɗai abin kallonsa.

Abin da ake asara

Wani zai ce ai waƙa ji ake yi. To amma kiɗan Hausa na fili ne, rabinsa a ido yake. Kalangu yana magana ne ta hanyar matsa igiyoyinsa a hammata, kotso kuma da yatsu ake kaɗa shi. Ɗalibin da ke son koyo yana bukatar ganin hannun, kuma hannu mai saurin motsi shi ne farkon abin da matsewa ke mayarwa hazo. Haka yadda Ɗanƙwairo ke miƙa ɗa ga 'yan amshi su karɓe, su ƙara, su mayar masa: in hoto da murya suka saɓa ko da rabin daƙiƙa ne, ba a gane wa ya ɗauko, wa ya sauke. Sauti ma yana da nasa rauni. Zurfin ganga yana ɓacewa, kaset da aka juya a na'ura mai gudu yana sa muryar dattijo ta koma ta saurayi, kalmomin Sakkwatanci da Zamfarci kuma, waɗanda dama sai an kasa kunne, su dagule, har manazarta su riƙa saɓani a kan abin da aka faɗa.

Sannan akwai taron kansa. Wa ke zaune kusa da sarki, wa ya tashi ya yi liƙi, wane ɗan siyasa ne aka wasa a wace shekara: duk wannan tarihin mulki ne, kuma fuskokin sun shafe.

Bidiyon da ake tallatawa da sunan an gyara shi ba ya maido da komai daga cikin wannan. Wasu miƙe hoton kawai suke yi ya cika allon zamani, makaɗi ya yi faɗi kamar an danne shi. Wasu kuma suna bi da shi ta manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ba ta san fuskar Shata ba, sai ta ƙaga wata mai santsi ta ɗora. Kwafi mai dishi-dishi da bai yanke ba ya fi irin wannan daraja.

Yadda wasu suka ceto nasu

Gyara na gaskiya daga asali yake farawa. Fim ɗin Stop Making Sense, wasan ƙungiyar Talking Heads ta Amurka da Jonathan Demme ya fitar a 1984, an sake fito da shi tangaram a 2023 saboda an gano ainihin zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka. Akwai misali a gida ma. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai aka gano zarensa a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Sai dai zaren fim ya fi kaset tsawon rai nesa ba kusa ba. Kaset na maganaɗisu shekara 10 zuwa 30 ake ƙiyasta masa. Danshi na sa zarensa ya yi danƙo ko funfuna, zafi da ƙura su ƙarasa shi. Na'urorin kunna shi ma sun ƙare: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi shelar gargaɗi cewa lokacin juya irin waɗannan kaset yana gab da wucewa. Kaset ɗin da aka ɗauka a 1985 ya riga ya haura wa'adinsa.

Mafi yawan uwayen kaset ɗin nan da kuɗin jama'a aka ɗauke su, a gidajen gwamnati. Waƙoƙin kuma suna da magada: dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato na Shata har 2069, duk da cewa mai rumfar caji da mai shafin intanet ne ke cin moriyarsu yau. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya irin NTA ya nemi jerin kaset ɗin da ke ma'ajiyarta, da halin da suke ciki, da nawa aka juya zuwa kwamfuta. Wa'adin amsa kwana bakwai ne.